Gidan da Doka Ba Ta Kira Gida Ba

A Amurka akwai wata irin tirelar zama da ake ja da babbar a-kori-kura. Gabanta yana ɗagawa sama ya hau kan bayan motar, a ɗaure shi da turken ƙarfe a cikin wani faifai da aka kafe daidai saman tayoyin baya, yadda ake haɗa kan motar dakon kaya da bodinta. Saboda wannan doron da ke gabanta za mu kira ta tirela mai doro. Manyanta kan kai tsawon mita 12 zuwa 13, tsayin kusan mita 4, nauyin tan 6 zuwa 8. Ɗakin kwana yana kan doron, ƙasa kuma ga falo, ga madafa mai firji da murhun gas, ga banɗaki, wasu har da injin wanki. Idan an tsaya, sai a danna maɓalli wasu sassan bangon su zame waje, faɗin falon ya kusan ninka. A cikin duk abin da ake ja da mota ita ce ta fi kama da gida, shi ya sa ta zama zaɓin iyalai da tsofaffin da suka yanke shawarar sayar da gidansu ko sakin hayarsu, su koma zama a kan taya rani da damina. A 2018 jaridar Washington Post ta ruwaito ƙiyasin ƙungiyar masu ƙera waɗannan motoci cewa kimanin mutum miliyan ɗaya ne ke zaune dindindin a cikin tireloli da motocin zama. Abin da nake son nunawa shi ne, cikin shekara ɗari wannan abu ya tashi daga kayan hutu ya zama mazauni, amma doka da masana'anta da banki har yau kayan hutu suke ɗaukarsa, kuma wanda ke kwana a ciki shi kaɗai ke biyan kuɗin wannan saɓani.

Makonnin farko na tarewa a sabuwar tirela su ke fara koya wa mutum wannan darasi. Kafin komai sai ya san nauyi, domin a jikin ƙofa akwai takardar da ta faɗi iyakar kayan da tirelar za ta iya ɗauka, kuma tukwane da littattafai da tufafin sanyi duk cikin wannan lissafi suke, haka ruwan tanki, wanda kowace lita kilo ɗaya ce. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin tirelar yana sauka ne a kan bayan a-kori-kurar, saboda haka mutane da yawa sai sun hau sikelin manyan motoci a gidan mai suke gano cewa motar da suka saya ta yi ƙanƙanta, dole su nemi irin su Ford F-350 ko Ram 3500 masu tayoyi biyu-biyu a baya. Daga nan sai a koyi daidaita tirelar da jak har ta zauna sosai, in ba haka ba ƙofofi su ƙi rufuwa, bangayen da ke zamewa su cije. Sai tankuna uku: na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai, wanda ba a barin bakinsa a buɗe ko da an jona tiyo da magudana, sai ya kusa cika a sake shi gaba ɗaya, don kada ruwa ya tsiyaye ya bar ƙazanta ta daskare a ciki. Wuta ma da lissafinta: turken lantarki mai amfiya 50 yana ba da wat 12,000, mai amfiya 30 kuwa wat 3,600 kacal, wanda ba zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki biyu da tukunyar dumama ruwa a lokaci guda ba. Duk wannan ilimi ne mai kyau, kuma mai hankali yana ƙware a kansa cikin 'yan watanni. Matsalar tana farawa ne daga jerin lahanin da kusan kowane sabon mai tirela ke rubutawa a watan farko, wato famfon da ke yoyo a ƙarƙashin kwatami, katakon ado da ya ɓalle bayan tafiyar farko, tagar da ruwan sama ke bi. A nan ne zai buɗe takardar garanti, kuma a takardun kamfanoni da yawa zai tarar da sharaɗin cewa an ƙera abin ne don shaƙatawa na ɗan lokaci, garantin bai shafi wanda ya mai da shi gidan zama ba.

Wannan sharaɗi yana da tarihi. A 1919 wasu masu yawon buɗe ido da mota suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa ta jihar Fulorida, mutane ne masu gudun sanyin arewa na 'yan watanni su koma gidajensu. Zuwa farkon shekarun 1930 Arthur Sherman ya fara ƙera tireloli da yawa a Detroit, Wally Byam kuma ya kafa kamfanin Airstream a Kalifoniya. Lokacin ya zo daidai da babban karayar tattalin arziki, sai waɗanda suka rasa aiki da gida suka fara tarewa a cikin abin da aka yi don hutu, har masanin kasuwa Roger Babson ya yi hasashen cewa cikin shekara ashirin rabin Amurkawa za su koma zama a tirela. Hasashen bai tabbata ba, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa abin ƙarfi, domin gwamnati da kanta ta sayi dubban tireloli ta zaunar da ma'aikatan masana'antun makamai. Bayan yaƙi sai sana'ar ta rabu gida biyu. Reshe ɗaya ya riƙa ƙera manyan gidaje da ake ja sau ɗaya a ajiye a fili su zauna, ɗayan ya ci gaba da ƙera na yawo. A 1974 majalisar dokoki ta yi doka a kan reshen farko, daga watan Yuni na 1976 kuma ma'aikatar gidaje ta tarayya ta fara tilasta masa ƙa'idojin gini: ƙarfin bango da rufi, kariya daga gobara, tare sanyi da zafi, da masu duba aiki a masana'anta. Reshe na biyu aka keɓe shi daga wannan doka bisa hujjar cewa ba gida ba ne. A 2018 ma'aikatar ta sake jaddada keɓewar, ta ce ta shafi abin da aka ƙera don shaƙatawa kawai, wanda ba a yi shi don ya zama mazaunin dindindin ba. Shekarar ke nan da masana'antar da kanta ke cewa mutum miliyan ɗaya na zaune a ciki.

Ba wai babu ƙa'ida ko kaɗan ba. Akwai mizanin kiyaye gobara da na wayoyin wuta da bututun gas da masu ƙerawa ke bi, ƙungiyarsu kuma na aika masu dubawa. Sai dai mizanin an tsara shi ne don abin da za a kwana a ciki makonni kaɗan a shekara. Bangon tirela siriri ne ƙwarai, rufinta shimfiɗar roba ce da aka liƙe gefunanta da danƙo, wanda dole a riƙa dubawa duk bayan 'yan watanni. Iyali mai mutum huɗu da ke girki da wanka da numfashi a ƙaramin wuri irin wannan cikin hunturu suna tara danshi, tagogi su yi ta gumi, fumfuna ta kama bayan katifa da cikin kabad. An ga ƙarshen abin da wannan zai iya haifarwa bayan guguwar Katrina ta 2005, lokacin da hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta zaunar da dubban iyalai a tirelolin yawo a Luwiziyana da Misisipi. Mutane suka yi ta kukan ciwon kai da tari da zubar jini ta hanci. A ƙarshen 2007 da farkon 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta auna iskar tireloli da gidajen ja 519, ta tarar da sinadarin formaldehyde, wanda ke fita daga gam ɗin katakon da aka matse, ya kai a matsakaici kusan ninki biyar na abin da ake samu a gidajen zamani. Ba lallai irin waɗannan tireloli su yi wa mai hutun mako guda wata illa da za a lura da ita ba, amma ga yaron da ya shekara biyu a ciki lamarin ya sha bamban.

Yadda ake ƙera su ma ya dace da kayan hutu. Kusan kashi 80 cikin 100 na tireloli da motocin zama na Amurka daga arewacin jihar Indiyana suke fitowa, musamman yankin Elkhart, inda 'yan ɗariƙar Amish da yawa ke aiki a masana'antun, kuma a wurare da dama ana biyan ma'aikata ne gwargwadon yawan abin da suka fitar a rana. Mafi yawan kasuwar tana hannun kamfanoni uku: Thor, da Forest River wanda kamfanin Berkshire Hathaway ya saya a 2005, da Winnebago. Sana'a ce mai hawa da faɗuwa kamar zazzaɓi. A 2009 abin da aka fitar bai kai 170,000 ba, rashin aiki a Elkhart ya kusa kashi 20 cikin 100, har shugaba Obama ya je garin a watan Fabrairu na shekarar. A 2021, da annobar korona ta sa kowa neman hanyar tafiya ba tare da otal ba, an fitar da sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 ya faɗo kusan rabi. Masana'antar da ke ƙara aikinta sosai cikin shekara guda sannan ta sallami ma'aikata a shekara mai zuwa ba za ta iya riƙe inganci iri ɗaya ba, kuma tsarin da aka saba shi ne a bar wa dila gyaran abin da ya kuɓuce a masana'anta. Ga mai hutu, tirela ta yi wata biyu a garejin dila tana jiran kayan gyara ɓacin rai ne kawai. Ga wanda ya sayar da gidansa, wata biyu ne na biyan otal ko raɓewa a gidan dangi, alhali bashin banki bai tsaya ba.

Su wane ne mazaunan, wannan ma ya canja, kuma a nan ne waiwaye ya fi amfani. Lokacin da Joe da Kay Peterson suka kafa ƙungiyar masu zaman tirela ta Escapees a 1978, yawancin masu wannan rayuwa ma'aikata ne masu bin aiki gari-gari da 'yan fansho waɗanda suka sayar da gidan da suka gama biya, suna da abin komawa in sun gaji. Rushewar kasuwar gidaje ta 2008, wadda ta raba miliyoyin iyalai da gidajensu, ta kawo wani rukuni dabam. A shekarar ne Amazon ya fara shirin CamperForce na ɗaukar masu tirela aikin ɗan lokaci a rumbunansa gab da Kirsimeti, wasu kuma suka riƙa zuwa girbin gwozar sukari a Dakota ta Arewa da Minesota a watan Oktoba, ko gadin sansanonin daji a lokacin zafi. Littafin Jessica Bruder mai suna Nomadland, na 2017, da fim ɗin da Chloé Zhao ta yi daga gare shi wanda ya ci kyautar Oscar a 2021, sun nuna wa duniya waɗannan dattawa masu shekara sittin da saba'in da ke ɗaga kwali sa'o'i goma a tsaye. Bayan 2020 sai ga rukuni na uku, matasa masu aiki ta intanet da iyalai masu ƙananan yara, waɗanda intanet ɗin Starlink ya sauƙaƙa wa samun layi a daji tun 2022. Amma ba intanet kaɗai ya tura su ba. Farashin matsakaicin gida ya haura dala 400,000, kuɗin ruwan bashin gida na shekara talatin kuma ya tashi daga ƙasa da kashi 3 cikin 100 a farkon 2021 zuwa kusan kashi 8 a watan Oktoba na 2023.

Za a ce mini, ai mutane da yawa da son ransu suka zaɓi wannan rayuwa, kuma suna jin daɗinta. Gaskiya ne, ba kuma na ganin daidai ne a mai da kowane mai tirela abin tausayi. Akwai ma'aurata da suka yi shekara arba'in suna aiki ba su ga ƙasarsu ba, yanzu suna kwana a gindin duwatsun Utah su wayi gari a gaɓar teku. Akwai ma'aikatan jinya masu kwantiragin wata uku-uku a asibitoci daban-daban, waɗanda tirela ta fi musu hayar ɗaki nesa ba kusa ba. Amma kasancewar mutum ya zaɓi abu da kansa ba ta taɓa zama dalilin cire masa kariya ba. Wanda ya sayi gidan bulo ma da son ransa ya saya, duk da haka hukuma na duba wayoyin wutarsa, kotu kuma ba ta barin a fitar da shi dare ɗaya. Ƙari a kan haka, mai zaɓi da wanda dole ta sa tirela iri ɗaya suke saya, a zango ɗaya suke kwana, kuma shekara goma ko rashin lafiya guda na iya mai da na farko ya zama na biyu.

Za a kuma ce ta fi araha. Wani lokaci haka ne, musamman ga wanda ya sayi tsohuwa da kuɗi hannu, ya iya gyara da kansa, ba ya kuma yawan tafiya. Ga mai sabuwa lissafin ba haka yake ba. Tirela mai doro mai kyau tana kaiwa daga dala 50,000 zuwa sama da 100,000, motar da za ta ja ta ma kusan haka, man dizal kuma ya haura lita 20 a kowace kilomita 100 in ana ja. Bankuna na ba da bashin shekara 15 zuwa 20 a kanta, tsawon da ya yi kama da na gida, amma da kuɗin ruwan da ya fi na gida, a kan abin da darajarsa ke faɗuwa tun ranar da ya bar harabar dila. Mutane da yawa kan tarar bayan shekara biyar cewa bashin da ya rage ya fi kuɗin da za a saye ta. Masu wannan rayuwa suna son kiran kansu makiyaya, amma Bafulatanin da ke tashi da rugarsa dukiyarsa na tafiya tare da shi tana haihuwa a hanya, mai tirela kuwa tasa dukiyar kowace kilomita raguwa take yi. A Amurka gida shi ne babbar taskar talaka da matsakaicin ma'aikaci, shi ake jinginarwa a biya kuɗin makaranta, shi ake bar wa 'ya'ya. Iyalin da suka musanya shi da tirela sun rage kuɗin wata, amma sun fita daga wannan hanyar tara dukiya, kuma da wuya dila ya faɗa musu haka.

Sannan ga batun ƙasa, wanda tallan 'yanci ba ya ambata. Tirela dole ta tsaya a wani wuri kowane dare, kuma kowane wuri da mai shi. Kuɗin fili a zangon tireloli kan fara daga 'yan ɗaruruwan daloli a wata a ƙauye, ya haura dala 1,000 kusa da manyan birane da bakin teku. Manyan kamfanonin zuba jari irin su Sun Communities da Equity LifeStyle sun mallaki ɗaruruwan irin waɗannan wurare. Zanguna da yawa ba sa karɓar tirelar da ta wuce shekara goma, wato tun kafin a gama biyan bashinta an fara rufe mata ƙofa. A filayen gwamnatin tarayya da ke yammacin ƙasar ana iya tsayawa kyauta, amma kwana 14 ne a tashi, ba ruwa ba wuta. Akwai 'yan wurare irin na Quartzsite a hamadar Arizona inda ake sayen izinin zama daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu, wanda kuɗinsa ya yi shekaru da yawa a dala 180, shi ya sa dubban tireloli ke cika wurin kowane hunturu, su watse da zafi ya tunkaro. Ƙananan hukumomi da yawa sun hana mutum zama a tirela ko da a kan filinsa ne. A jihohi da dama doka na ɗaukar mazaunin zango kamar baƙon otal, wanda za a iya sallama ba tare da zuwa kotu ba. Wanda ya faɗo daga wannan tsani gaba ɗaya yakan ƙare a gefen titi a Los Anjalis ko Oakland, inda ake jan tirelarsa a kai ma'ajiyar 'yan sanda, kuma hukuncin kotun ƙoli na 2024 a shari'ar garin Grants Pass ya ƙara wa birane ikon hukunta masu kwana a fili. Ko adireshi sai an nema: lasin tuƙi da inshora da katin zaɓe duk suna buƙatarsa, shi ya sa dubban mutane ke rajista a Teksas da Fulorida da Dakota ta Kudu, jihohin da ba sa karɓar harajin albashi, da adireshin ofishin tura wasiƙu kamar wanda Escapees ke gudanarwa a garin Livingston na Teksas.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa in aka ɗora wa tirela dokokin gida, farashinta zai tashi, nauyinta ya ƙaru, a rufe wa talaka mafakarsa ta ƙarshe, a kuma hukunta miliyoyin masu hutu da ba su da ruwa da wannan matsala. Ba na raina wannan magana, domin a 2021 iyalai sama da miliyan 11 ne ke da irin waɗannan motoci, mafi yawansu kuma hutu kawai suke yi da su. Sai dai ba a buƙatar a mai da kowace tirela gidan bulo. Abin da ake buƙata shi ne rukuni na daban ga waɗanda ake tallatawa don zaman dindindin, domin kamfanonin da kansu suna sa musu injin wanki da babban firji suna kiran su na zama, wasu ma sun fara ba da garantin da ya amince da haka, alamar cewa sun san wa suke sayar wa. Irin waɗannan a gindaya musu mizanin tare sanyi da fitar da danshi da ƙarfin firam, a sa wa'adin gyara in mai ita ba shi da wani wurin kwana, a kuma tilasta wa dila ya nuna wa mai saye a rubuce yadda bashi da daraja za su kasance bayan shekara biyar. An taɓa gwada irin wannan: bayan abin da ya faru da tirelolin Katrina, a 2010 aka kafa dokar tarayya da ta iyakance formaldehyde a katakon da aka matse, masana'antar kuma ba ta durƙushe ba, shekara goma sha ɗaya bayan nan ne ma ta yi cinikin da ba ta taɓa yi ba. A ɓangaren zango kuwa Kalifoniya ta riga ta nuna hanya, inda dokarta ta bambanta baƙon 'yan kwanaki da wanda ya wuce kwana 30 da wanda ya kai wata tara, ta ce na ƙarshen ba a tashinsa sai da dalilin da doka ta sani da kuma sanarwa a kan lokaci. Sauran jihohi za su iya kwaikwayon wannan ba tare da sun taɓa farashin tirela ko da dala ɗaya ba.